Zangon Kumasi: Inda Addini Ya Riƙe Mu da Inda Muka Ɗora Masa Abin da Bai Ɗauka Ba

Malam, assalamu alaikum. Tambayoyinka sun iso. Ka ce ka ga hoton Limamin Ƙasa na Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, zaune a cikin coci, ka kuma ji cewa ba mu da kotun shari'a, ba mu da Hisba irin ta Kano, 'ya'yanmu suna karatu a makarantun mishan. Sai ka ce to da me addini yake tsaye a wurinmu? Ka ƙara da cewa duk da haka ba a jin Musulmi da Kirista suna ƙone wa juna gidaje a nan, ko wannan albarkar malamanmu ce. Zan amsa maka ba tare da na yi mana ado ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganata a kan aikin da addini ke yi a rayuwar unguwa ce, wanda ake iya gani a auna. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa na bar shi inda yake.

Sai ka san wurin tukuna. Kakanninmu neman goro ya kawo su ta hanyar Gwanja. Salaga ce babbar kasuwa har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kintampo, Ankara (haka tsofaffinmu ke kiran Accra) da Kumasi, wadda Turawan Ingila suka mamaye a 1896. Yau idan aka ce zango a Kumasi ana nufin su Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line, Alabar da Sabon Zango. Hausa ake yi a titi, amma ba kowa ne Bahaushe ba: akwai Mosi, Dagomba, Wangara, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, Busanga da Yarabawa. Kowace ƙabila da sarkinta, Sarkin Zango a samansu, shi kuma yana kai gaisuwa fadar Manhyia wurin Asantehene, sarkin Ashanti. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen Ghana, Kiristoci kashi 71.3. Ƙasar da gidajenmu ke kai ta sarautar Ashanti ce. Ka riƙe waɗannan biyu, ƙarancinmu da rashin mallakar ƙasa, domin su ne ke bayan yawancin abin da za ka ji.

Abin da ya haɗa ƙabilun nan goma sha wani abu wuri guda shi ne sahun salla, kuma ba zan rage wa wannan daraja ba. Baƙo ya sauka a tashar mota daga Bawku ko Yamai bai san kowa ba, masallaci zai nufa. Kafin isha'i an tambaye shi garinsu, an haɗa shi da sarkin ƙabilarsa, ya sami tabarma a zaure da wanda zai kai shi wurin dako ko sayar da kaya. Babu ofishin gwamnati da ke yin wannan. Inda ƙarfin addini ya fi fitowa fili kuwa shi ne ranar mutuwa.

Maƙwabtanmu Ashanti sukan ajiye gawa a firji makonni, wani lokaci watanni, har dangi su taru a tsara biki ranar Asabar, a buga hotuna a allo, a karɓi gudummawar da suke kira nsawa. Mu kuwa in mutum ya cika da safe, ana so a binne shi bayan azahar ko la'asar. Don a cim ma haka, aiki yakan rabu nan take. Wani zai bi likita ya karɓo takardar dalilin mutuwa, ya kai ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a ba shi izinin binnewa. Wani ya sayo likkafani a kai wa tela. Samari su tafi maƙabartar Tafo da diga da shebur. A yi shela a lasifikar masallaci, yanzu kuma har da WhatsApp. Inda ake samun cikas shi ne mutuwar fuju'a a gida ko ta hatsari: doka ta ce sai 'yan sanda sun shiga, sai an binciki gawa, kuma a nan ne manya ke tashi su yi ta zirga-zirga tsakanin caji ofis da mutuware don a sallami gawa da wuri. Talakan da bai bar ko sidi (kuɗin Ghana) ɗaya ba zai sami wanka da sutura da sahu uku a bayansa. Ashanti da kansu suna yaba mana wannan.

Daga ranar da aka dawo daga maƙabarta ne lissafi ke fara karkacewa. Akwai addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in, wasu har ta shekara. Kowace sai an yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika, a tare titi, a dafa shinkafa, a toya masa, a raba goro. Malamai su jeru a gaba, mai shela ya tsaya da makirfo. Duk wanda ya miƙa kuɗi a faɗi sunansa da abin da ya roƙa, a ja Fatiha, kuɗin ya faɗa faranti. In an tashi, malamai su raba bisa girma. Ka lura da hanyar kuɗin: daga aljihun jama'a suke fitowa, su wuce ta gaban matar mamaci da ke cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ta fita kasuwa, su shige aljihun wanda ya yi addu'a. Nsawar da muke raina wa Ashanti, ga iyalan mamaci take zuwa, a rubuta a littafi, a biya bashin biki da ita. Ahlussunna sun daɗe suna yaƙar waɗannan taruka da sunan bidi'a, 'yan ɗariƙa suna kare su da sunan sadaka ga mamaci. An shekara talatin ana jayayya a kan hukuncin. Ban ji an tsaya an yi jayayya a kan inda faranti ya kamata ya je ba.

Sai gado, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne mutanen gida irinku suka fi yi mana kuskuren fahimta. A Kano alƙali zai zauna ya raba, hukuncinsa kuma yana da ƙarfin hukuma. A nan malam zai raba, amma rabonsa yana tsayawa ne muddin duk magada sun yarda. Mutum ɗaya ya ƙi, ya ɗauki lauya, to dokar ƙasa ce za ta yi aiki, wato dokar gado ta 1985 mai lamba 111, wadda ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, Musulmi ne ko Kirista. Ita ce ma ta soke sashen tsohuwar doka da ya ba Musulmi damar a raba musu bisa fiƙihu. A ƙarƙashinta kayan ɗaki da gida guda na mata da 'ya'ya ne tare. Abin da ya saura sai a kasa shi goma sha shida: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu a bi al'adar dangi.

Ɗauki misali. Mutum ya bar sidi 240,000 bayan gida, da mata ɗaya, uwa da uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. A fiƙihu mata tana da tumuni, 30,000. Uwa da uba kowa sudusi, 40,000. Saura 130,000 a kasa biyar: kowane namiji 52,000, mace 26,000. A dokar ƙasa mata za ta ɗauki 45,000, kowane ɗa 45,000 ba bambancin mace da namiji, iyaye su raba 30,000, saura 30,000 ya tafi ga dangi. Kuma dokar tana lissafa ɗan da aka haifa ba aure a matsayin ɗa cikakke. Ka ga 'yar da malam ya ce ta karɓi 26,000 ta san cewa in ta taka zuwa kotu 45,000 ne nata. Abin da ke riƙe ta shi ne tsoron Allah da tsoron bakin mutane, kuma sau da yawa yayyenta suna dogara da wannan tsoron su hana ta har ashirin da shidan.

Maganin abin yana nan, ba shi da tsada. Dokar wasiyya ta 1971 ta yarda mutum ya rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa. Sai ya rubuta cewa a bi ƙa'idar gadon Musulunci, ya jera kadarorinsa da sunayen magada, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci guda, su ma su sa hannu, kada ya sa magaji cikin shaidun, ya kai Babbar Kotu a ajiye. Kotu tana iya ƙara wa mata ko ƙaramin yaro wani abu in ta ga an bar su cikin ƙunci, amma ginshiƙin rabon zai tsaya. Mutanenmu ba sa yi. Wasu suna ganin rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Wasu malamai kuma sukan kawo hadisin cewa babu wasiyya ga magaji, alhali wannan takarda ba ƙarin rabo take ba kowa ba, tabbatar da rabon Alƙur'ani take yi a gaban hukumar da ba ta san shi ba. Sakamakon yana nan a Aboabo kowa na gani: gidan haya mai ɗakuna goma sha biyar ko ashirin da kaka ya gina da kuɗin goro, jikoki sun kai arba'in, ba a taɓa rabawa ba, ba wanda zai gyara rufi domin ba na kowa ba ne, an mai da makewayi ɗakin haya, mutanen gida suna bin layin banɗakin gwamnati da asuba kafin su je masallaci. A cikin wannan gida za ka sami alhazai uku da mahaddacin Alƙur'ani.

Aure ma haka yake tafiya. Tun 1907 akwai dokar auren Musulmi, wadda ta ce cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da ke da lasisi su je wurin magatakardan aure su yi rajista. In mako ya wuce sai an nemi izinin Babbar Kotu. Ba kasafai ake yi ba, kuma limamai da yawa ba su ma san ana karɓar lasisin ba. Ana kashe dukiya a kan lefe da yayi, wato ankon biki, a tare titi kwana uku, takarda kuwa babu. Ranar da miji ya furta saki, ko ya mutu dangi suka ce ba su san ta ba, sai mace ta nemo shaidu ta roƙi kotu ta karɓi aurenta a matsayin na gargajiya. Akwai wani tarko da samari ke faɗawa: saboda neman biza sai su yi auren kotu irin na Turawa, wanda mace ɗaya kawai ya yarda da ita, daga baya su ƙara ta biyu a masallaci. A idon doka wannan na biyun babu shi, kuma laifi ne. Wanda yake da niyyar ƙari, rajistar auren Musulmi ko ta gargajiya a ofishin ƙaramar hukuma ita ce tasa. Matar da aka saka da 'ya'ya kuwa, liman zai yi wa tsohon mijin nasiha, nasihar ta ƙare a ƙofar masallaci. Wadda ke iya yanka masa kuɗin ciyarwa a wata ta tilasta shi ita ce kotun iyali, a ƙarƙashin dokar yara ta 1998, dokar da ta tsayar da shekarun aure a 18. Macen da ta je can sai a ce ta kai Musulmi ƙara gaban kafirai. Wannan magana ta hana yara da yawa kuɗin makaranta. Kuma ka sani, a nan babu kulle. Matan zango ne ke sayar da wake da shinkafa, koko da ƙosai, atamfa a kasuwar Kejetia, kuma gidaje da yawa da cinikinsu ake cin tuwo.

Ka tambayi yawan masallatanmu. Suna da yawa ƙwarai, wani layin za ka ga biyu suna kallon juna. Wasu ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa suka gina, da allon sunan mai sadaka a bango, domin mai bayarwa ya fi son ladan masallaci a kan ladan kwata ko aji. Wasu kuma rabuwa ce ta haife su: saɓani a kan wazifa, a kan ƙabalu da sadalu, a kan wanda zai gaji liman. Tun zuwan Shehu Ibrahim Inyass Kumasi a farkon shekarun 1950 Tijjaniyya ta yi ƙarfi a zango, sannan ɗaliban da suka dawo daga Madina suka zo da wa'azin Ahlussunna, kuma a shekarun 1990 an yi ta ba-ta-kashi tsakanin ɓangarorin biyu a garuruwa da dama na Ghana. Jinin da aka zubar da sunan addini a cikin al'ummarmu, mafi yawansa tsakanin masu alƙibla ɗaya aka zubar da shi.

Kuɗin masallaci kuwa, akwati ne ake zagayawa da shi ranar Juma'a, mutum ɗaya ko biyu su buɗe, ba littafi, ba rasit. Liman ba shi da albashi, don haka cinsa yana wurin suna da ɗaurin aure da addu'o'in da na faɗa maka, da ambulan ɗin masu hali. Wanda abincinsa ke hannun attajiri ba zai hau mumbari ya ambaci haƙƙin marayun da attajirin ya danne ba. Ban ɗora laifin duka a kan limamai ba, mu ne muka bar su haka. Masallatan da suka gyaru, abin da suka yi sananne ne: sun yi rajistar kwamiti a hukumance, sun buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, ana ƙirga akwati a gaban jama'a bayan sallama, ana liƙa lissafin wata a bango, an yanka wa liman da ladan albashi, an kuma nemi takardar fili da sunan kwamiti. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin masallacin da aka gina a filin wani bawan Allah da baki kawai, ranar da ya rasu ya zama kayan gado.

Makaranta ita ce ciwon da ya fi daɗewa. Kakanninmu sun ƙi kai yara makarantun mishan don tsoron a mai da su Kirista, kuma tsoron yana da dalili. Amma ba su gina nasu ba. Cikin manyan sakandaren Kumasi, Prempeh College ta buɗe a 1949, Opoku Ware a 1952, duka da hannun coci. Ahmadiyya, waɗanda malamanmu ba sa salla a bayansu, sun buɗe sakandarensu a nan Kumasi tun 1950, kuma 'ya'yan masu kafirta su da yawa a can suka yi karatu. Sai a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi, ta fara tura malaman boko makarantun allo da suka yarda, tana biyansu. Malaman Arabiyya kuwa alawus ɗinsu yau akwai gobe babu. Tun 2017 sakandare kyauta ce, amma kwamfuta ce ke rarraba yara bisa sakamakon jarrabawa, kuma manyan makarantun da kowa ke so galibi na mishan ne. Shi ya sa a 2021 aka yi ta cece-kuce da makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma azumi. Muna da gaskiya a wannan ƙorafi, domin da harajin kowa ake biyan malaman makarantar. Sai dai a shekarun da kujerar Hajji ta kai sidi 75,000, kamar 2023, an samu masu komawa karo na uku da na huɗu daga unguwannin da ajin firamare ke ɗauke da yara fiye da yadda benci zai iya. Kiristoci ma ba su tsira ba: gwamnatin Akufo-Addo ta zuba kusan dala miliyan 58 a ginin babban cocin ƙasa a Accra, abin da ke wurin har aka sauka rami ne.

Akwai kuma tsibbu, wanda ya girmi zangon kansa. Turawan da suka zo Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene suna rubuta layu, kuma babbar rigar yaƙin sarkin har yau cike take da su. Sunan da Ashanti ke kiran Musulmi da shi, Kramo, a kunnen da yawansu mai magani yake nufi. Wannan ya ba mu kariya a fada, ya kuma bar mana sana'ar da ke cin mutane. Mai hawan jini zai yi wata shida yana shan rubutu, katin inshorar lafiya yana aljihunsa, sai ɓarin jikinsa ya shanye a kai shi asibiti. Mai taɓin hankali a ce aljanu ne, a yi ta ruƙiyya da duka, kamar yadda ake ɗaure irinsa da sarƙa a sansanonin addu'a na wasu coci-coci. Masu rawani suna fitowa a talabijin suna cewa za su ninka kuɗi. Kalmar sakawa, da duk Ghana ke kiran damfarar intanet mai haɗe da asiri da ita, daga bakinmu ta fito. A watan Afrilun 2021 wasu samari biyu suka kashe ƙaramin yaro a Kasoa don neman kuɗin tsafi, ƙasa ta girgiza. Malaman kirki sun yi tir, amma babu wata majalisa da ke da ikon cire wa mutum rawani ta ce daga yau ba malami ba ne.

A siyasa mun taɓa gwada tafiya da tutar addini, muka sha wuya. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi, ta yi ƙarfi a zangon Kumasi da Accra, ta haɗa kai da 'yan adawar Nkrumah. Ana samun 'yanci a 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Da suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu ta kashe shari'ar. A shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila, kuma tsarin mulkin 1992 ya riƙe haramcin. Sai Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fice. Mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Yawan sallarsu bai tsaya musu ba, takarda aka tambaya. Wannan tabo ne ya sa zango ya daɗe yana bin jam'iyyar NDC, har a zaɓen 2024, da abokiyar hamayyarta NPP ta tsayar da Musulmi, Mahamudu Bawumia, John Mahama na NDC, Kirista, ya ci da kusan kashi 56, kuma mazaɓar Asawase ba ta juya wa NDC baya ba. An yi wa'azi a wasu masallatai cewa a zaɓi ɗan'uwa Musulmi, mutane suka saurara suka je suka zaɓi abin da farashin shinkafa ya gaya musu. Ni ina ganin wannan lafiya ce. Abin da ba lafiya ba shi ne buhunan sukari da shinkafa na azumi da kujerun Makka da jam'iyyun biyu ke rabawa ta hannun limamai da sarakuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu ga tambayarka ta zaman lafiya. Shigar Shehu Sharubutu cocin Katolika ta Christ the King a Accra a 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari, gaisuwa ce ya kai, kuma a nan ma akwai waɗanda suka soke shi. Dattijo ne da ya kashe wutar fitina sau da yawa, ba mai musun haka. Amma in ka ce tsoron Allahnmu ya fi naku shi ya sa ba ma faɗa, ka ba mu abin da ba namu ba. Mu kaɗan ne, a ƙasar wasu muke, kuma mun san abin da 1969 ta yi. Kotu ɗaya ce ga kowa, babu wanda ke tsoron za a ɗora masa shari'ar wani. A gidan haya ɗaya Kirista ɗan ƙabilar Frafra da Bahaushe suna raba famfo da mitar wuta, ana aika wa juna naman layya da shinkafar Kirsimeti. Yara sun zauna benci ɗaya a makarantar kwana. Sannan akwai mai gida a sama: lokacin jana'izar Asantehemaa, mahaifiyar Asantehene, a Janairun 2017 fada ta ce a rufe kasuwanni, a daina kiɗa, kowa ya shige gida daren binnewa, kuma coci da masallaci duka suka bi. Hisba kuwa, a gari irin wannan ba ta da wurin tsayawa, domin mashayar da ke bakin layi halal ce a dokar ƙasa kuma ta maƙwabci ce. Abin da ke tsare mutum a zango idon unguwa ne. Idon nan yana da kaifi a kan yarinyar da ta fito ba mayafi, yana da rauni a kan saurayin sakawa da ya saya wa masallaci janareta.

Kuma zaman lafiyar ba ta kai kaurin da ake faɗa ba. A Fabrairun 2016 a Old Tafo da ke nan Kumasi, samarin Musulmi suka ja katanga a gefen maƙabartarmu, masarautar garin ta ce filin nata ne ba a nemi izininta ba, aka rushe katangar. Kafin a ankara an fito da adduna, an farfasa motoci da wuraren ibada na ɓangarorin biyu, sai da aka kawo soja aka sa dokar hana fita. Kafafen labarai na waje suka ce rikicin addini ne. Asalinsa iyakar fili ce da aka shekara da shekaru ana binne mutane a cikinta bisa alkawarin baki tsakanin dattawan da duk sun riga mu gidan gaskiya. A ƙasar Ashanti fili yana zama naka ne in sarkin yankin ya ba ka takardar rabo, ka biya abin da suke kira kuɗin abin sha, safiyo, wato mai awon fili, ya auna ya fitar da taswira, sakatariyar filaye ta Asantehene ta amince, sannan hukumar filaye ta gwamnati ta yi rajistar hayar. Ɗan ƙasa yakan samu har shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba tsarin mulki ya tsayar masa a 50. Kowane mataki yana cin kuɗi da watanni, kuma babu wanda ake yi wa shela a lasifika don ya biya kuɗin safiyo. Kumasi tana faɗaɗa, filin da jiya daji ne yau fuloti ne mai tsada, Tafo kuma tana cika. Duk unguwar da ta samu sabon filin maƙabarta ko na idi a bayan gari, abin da nake gaya wa kwamitinta shi ne kada a haƙa kabari na farko sai taswira da takardar haya sun shiga hannu, da sunan al'umma a kansu, an kuma ajiye kwafi a wuri uku.